Ranar da Surukina Ya Haye da Ni

Ba zan taɓa mantawa ba da Asabar ɗin da na kai surukina kallon tsuntsaye. Ziyara ya kawo mana garin Laurel, inda muke zaune a ƙasar Turawa, ni kuma na ƙudura sai na nuna masa 'yarsa ba sakarai ta aura ba. Na aro madubin hangen nesa a wurin aiki, na tuƙa mu zuwa wani gandun tsuntsaye a bakin tekun Chesapeake.

A ƙofa wata tsohuwar Baturiya ta nuna mana allo, ta ce teku zai taso da ƙarfe ɗaya. Na ɗaga kai, sama fes, ko alamar hadari babu. (Ni Bakatsine ne. A garinmu rafi ba ya kawo ruwa sai sama ta zubar.) Na ce, "Baba, rabu da ita, Turawa akwai tsoro."

Muka bi wata siririyar hanyar yashi har kan ɗan tudu. Ina ta zuba bayani a kan zalɓe, wanda duk a waya na haddato shi, sai na waiwaya. Babu hanya. Ruwa ya shafe ta, kuma yana ta matso mu shiru, ba ko ƙara. Ban iya iyo ba, ga matata a gida da cikin wata bakwai. Na ɓarke da salati har tsuntsayen suka watse. Sannan na cakumi babbar rigar mutumin da ko ido ban taɓa iya haɗawa da shi ba, ina ihu, "Baba, ka yafe mini! Na kashe mu!"

Ashe Baba a Yawuri ya girma, a bakin kogi. Ya cire takalmi, ya naɗe wando, ya kama hannuna. "Taho, ɗana. In kana so ka rufe ido."

Wallahi na rufe. Ruwan ko gwiwa bai kai ba.

A gida matata ta tambayi yadda muka yi. Na sunkuyar da kai ina jiran tonon asiri. Baba ya kurɓi shayi, ya ce, "Alhamdulillahi, mijinki akwai addini. Duk bakin tekun nan ba wanda bai ji salatinsa ba."

Ranar na gane teku ba ya jiran damina. Yanzu in Baba ya zo, iyakarmu shagunan unguwar Wheaton, nesa da teku.