Yaɗiya a Kan Takarda

"Ina gajiya? Wace gajiya ga mutumin da aka ɗauko a motar kamyo kamar buhun gishiri? Mai gida, ina saƙona?"

Haka Kaka Hajjo ta tarbi yayana Illo a ƙofar ɗakinta a Sersuf, unguwarmu a Tamanrasset, ko takalmi bai kai ga cirewa ba. Wata biyu ya yi a hanya a kakar 1966, daga Tamanrasset zuwa Agadas har Damagaram, yana yi wa wani anasara masanin tsirrai aiki. Su tsinki reshe, su matse shi tsakanin takardu da katako, su rubuta, aikin ke nan. Da zai tafi abu ɗaya tsohuwar ta roƙe shi: ganyen yaɗiya. Shekara talatin da ɗaya rabonta da Mirriya, garinsu na kusa da Damagaram, tun da kakanmu ya kawo ta nan ya buɗe kanti, ya rasu ya bar ta, ƙafafunta kuwa sun riga sun gaya mata ita da garin sai a mafarki. Fatake na kawo kuka da zogale, amma ba mai ɗora wa raƙumi ko mota abin da ke hawa darni a banza. Ta ce kafin ta bi mijinta tana son kwaɗon yaɗiya sau ɗaya. Ni tun da aka ce suna hanya ta sa na daka ƙuli-ƙuli na ajiye.

"Amarya, kwantar da hankalinki, ban taɓa kunyata ki ba," in ji Illo. Ya buɗe jaka ya zaro wata takarda mai kauri. Reshe ɗaya ne manne a kanta, ganye shida, a daskare kamar an yi masa guga. Wallahi ni kaina sai da raina ya ɓaci.

Ta kawo takardar dab da ido, ta juya ta, ta tambaya ko da tawadar ake kwaɗawa. Ya ce ta yi a hankali, kayan anasara ne, aro ya yi, kafin la'asar sai ya mayar buro, wato ofishinsu, don gobe za a tura su Alje, babban birnin ƙasar, a sa a kabad. In ganye ɗaya ya ɓalle, aikinsa ya ɓalle.

"Na aike ka cefane ka kawo mini wasiƙa. Sake ni kawai, na huta."

"In na sake ki wa zai kwashe ki, haƙori uku? Kuma ki daina ce mata yaɗiya a gaban masu ilimi. Sunanta Leptadenia hastata."

Ta sa ya maimaita sau uku, ta ce wannan ba suna ba ne, tari ne. Shi kuwa ya gyara zama ya shiga yi mata lekkol kamar malamin makaranta. Wai a wurin masana kowane mai rai suna biyu gare shi, na gidansu a gaba, nasa a baya, da harshen da ba na kowa ba, don mutumin Masar da na Faransa su san abu ɗaya suke magana a kai. Na bayan nan ma, in ji shi, ma'anarsa mai ganye irin kan mashi. Ta ce to wanda ya yanka ragon sunan ya taɓa cinta da ƙuli? Ya ce da wuya. Ta ce ashe baƙo ne ya raɗa wa 'yar mutane suna bai ko gai da uwarta ba.

Bai daddara ba. Ya ce gidaje kuma ana tara su dangi dangi, kuma ba da ɗanɗano ake gane dangi ba, da fure da 'ya'ya ne. Yaɗiyarta, wai, dangi ɗaya suke da tumfafiya.

Nan ne tsohuwa ta harzuƙa. Tumfafiyar da ta cika ƙoramar bayan Sersuf, mai ɗacin nono, wadda ko akuya sai yunwa ta kai mata wuya take kallo? Ta ce shekara talatin tana wuce ta ba ta taɓa yi mata kallon arziki ba, kuma wanda ya haɗa wannan zumunci kamata ya yi jandarma su tsare shi.

"To in ɗan yaɗiya ya bushe ya fashe, me ke fita?" in ji Illo.

Can ta ce auduga ce fara mai laushi, iri na rataye a gindinta. Ita da ƙanwarta Larai sukan hura ta a bayan garkar babansu, su bi ta da gudu har bakin rijiya. Ya ce na tumfafiya fa? Ta kai takardar hanci ta shaƙa, ta sake shaƙa, ta ce ba ta jin komai sai ƙamshin katako. Tausayinta ya kama ni har na kau da kai.

Sai a lokacin Illo ya sauke murya ya faɗi gaskiya. Ya cika mata buhu guda a Mirriya, a darnin garkar da aka nuna masa aka ce ta gidansu Kaka ce. Ya ɗaure shi da ɗanyensa don sauri, kafin su kai Agadas duk ya yi funfuna, ya zubar.

"Ka iya shanya reshe ɗaya don kabad, ba ka iya shanya buhu don kakarka ba," ta ce. Ta shafa gefen takardar da yatsa, ba ta taɓa ganyen ba, ta miƙa masa. "Mayar musu. Ta je Alje ta zauna cikin baƙi, ba ita ce ta fara ba."

Ya karɓa, ya sa hannu a aljihu ya ciro ƙullin ƙyalle. 'Ya'yan yaɗiya ne guda huɗu, busassu, ɗaya har ya fara tsagewa, farin gashin ya leƙo. Ya ce wannan ba na anasara ba ne, sadakinta ne, kada ta ƙara ce masa miji marar cefane. Amma ya gaya mata tsakani da Allah bai san ko za ta yi a sanyin nan ba, in ma ta yi sai ta jira damina.

Ta rufe ƙullin da hannu biyu don kada iska ta ɗauke mata ko ɗaya. Ta yi dariya, hawaye na bin kumatunta.

"Ka ci wannan karon, ja'iri. In sanyi ya wuce ka goya ni zuwa ƙorama, mu shuka ta a gindin tumfafiya. Ko ban kai ga ci ba, ita dai kada ta tashi a garin nan ba dangi."