Takardar Jikar Cindo Mai Goge

Wani malamin makaranta ne, Malam Tanimu, haifaffen wata unguwar leburori a bakin layin dogo a Kaduna. Tun yana saurayi aiki ya kai shi Kano, kuma shekara talatin ya yi yana kankare Hausar unguwarsu daga bakinsa, har ta kai in ya yi magana sai ka rantse a cikin ganuwa aka yanke masa cibiya. Mahaifinsa kuwa, marigayi Cindo, goge yake ja a gidan burkutun wata Madam Saraya, amma 'ya'yan Malam sun tashi da sanin cewa kakansu ma'aikacin reluwe ne. To, sai ga 'yarsa ta samu gurbi a makarantar koyon jinya, aka ce ta kawo takardar shaidar asali kafin Juma'a ko a ba wa wata gurbin. Dole ta sa Malam ya shiga mota ya koma unguwar da ya daɗe bai taka ba.

Ya zube gaban mai unguwa, ya jero gaisuwa ta Kanawan asali. Mai unguwa ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya ce, "Malam, wannan Hausa taka mai guga ba ta nan ba ce. Mu nan ba ma magana kamar masu karanta labarai. Ka kawo wanda ya san gidanku."

Mutum ɗaya ya rage masa a unguwar, ƙanwar mahaifinsa, Gwaggo Lantana. A hanya ya yi ta roƙonta. "Gwaggo, don Allah kar a ta da zancen goge. Ki ce reluwe ya yi wa aiki."

"Reluwe ko? To, na ji, Oga ticha."

Suka tarar mai unguwa, da yake shaidar dangi kaɗai ba ta isarsa, ya aika an kira Alhaji Barau, dattijon da ake tambaya asalin kowane gida, mutumin da ba a taɓa riga shi sahun gaba a masallaci ba. Yana zaune kan buzu yana jan carbi.

Alhaji ya ce, "Cindo a reluwe? Daga direba har mai share tasha ba wanda ban sani ba. Babu Cindo."

Malam ya dubi gwaggonsa. Ita kuwa ta gyara zama.

"Kai, bar wahala da kanka, yaro na. Mai unguwa, ka gane ba, Cindo mai goge ne baban shi. Shi ke nan, na faɗa."

Carbi ya tsaya a hannun Alhaji. "A'uzu billahi! Cindon gidan Saraya? Mai zama kan benci kusa da babbar randa, wanda ba ya taɓa tsirkiya sai ya gasa gogen a bakin murhu? Wanda in ya hango mutum ya shigo sai ya saki waƙar da yake yi ya kama takensa? Haba, mai unguwa! Zuri'ar wannan za mu sa wa hannu?"

Malam Tanimu ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Sai dai a ƙasan kunyar wani abu ya motsa masa, don ya manta da gashin gogen nan sarai, yanzu kuwa har ƙaurin fatar yake ji a hancinsa.

Mai unguwa ya ce, "Ni ba hisabi aka naɗa ni in yi ba, Alhaji. Mai goge ma ɗan unguwa ne. In ka san shi ido da ido a nan, in sa hannu yarinya ta tafi karatunta. In kuwa ji ka yi, ji ba shaida ba ne."

Alhaji ya dubi mutanen da suka fara taruwa a bakin zaure. Ya gyara rawani.

"Ji na yi. A bakin mutane. Ni ƙafata ba ta taɓa taka ƙofar gidan nan ba."

Malam ya runtse ido, ya ga gurbin 'yarsa yana tafiya. Gwaggo Lantana ko gezau.

"Mai unguwa, ɗauko hatimi, ga shaidar ka nan zaune. Shekara sha biyu ina sayar da farfesu a ƙofar gidan nan, kuma wallahi gaskiya Alhaji ya faɗa, bai taɓa taka ta ba. Shiga ta katanga yake yi, fita kuma a kafaɗar Cindo."