Salansa, Rumbun Tarihin Matattun Motoci

Allah ya yi wa kamfanin bas na bayan gari baiwa da mutum guda, wanda in babu shi da duniya ta tashi ba ta san ranar da aka ajiye bas mai lamba sha huɗu ba. Aikinsa na ainihi ajiye fayil ne a wani ɗaki kusa da banɗaki. Amma ƙaramin ɗaki ba ya ɗaukar babban kai, don haka ya naɗa wa kansa sarautar Rumbun Tarihi, ya buga a takarda ya manna a ƙofa. Direbobi kuwa, da yake jahilai ne marasa godiya, Salansa suke ce masa: ƙara da hayaƙi, kuma kullum a baya.

Masarautarsa filin bayan gareji ce, inda tsofaffin motoci tara suka durƙusa cikin ciyawa. Akwai Mai Hanci, wadda injinta ke gaba kamar bakin agwagwa. Akwai Kunkuru, da ba ta taɓa hawa tudu ba sai fasinjoji sun sauka. Akwai Akwati guda biyar, da Tagwaye masu lanƙwasa a tsakiya. Salansa bai taɓa riƙe sitiyari ba, amma in ya soma ba da labarin giyar Kunkuru sai ka rantse tare aka haife su.

Babban makanike, dattijon da ya tsufa a ƙarƙashin motocin nan, ya saba ciro kayan gyara daga matattu yana raya masu rai. Salansa ya rubuta wa manajan kamfani takarda har shafi shida cewa ana yi wa tarihi fashi, aka sa wa filin kwaɗo. Sati bai zagayo ba motoci biyu na layin ƙarshen gari suka kwanta saboda rashin famfon mai. Ma'aikata da 'yan makaranta suka koma tsayuwar awa biyu a rana. Makanike ya je ya roƙe shi famfo guda daga jikin Akwati.

"Baba," in ji Salansa yana gyara tabarau, "fasinja yau ne, gobe babu shi. Tarihi kuwa har abada ne. Ku masu baƙin mai a farce ba za ku gane ba."

Dattijo ya dubi faratansa, ya yi masa fatan alheri, ya fita.

Ana nan sai labari ya zo cewa manaja zai kawo babban baƙo ya ga motocin. Abin nema ya samu. Salansa ya tabbatar wa kowa cewa shehin malami ne daga jami'a, za a buɗe gidan tarihi, kuma ba sai an faɗi wanda zai shugabance shi ba. Ya sa aka nome ciyawa, aka kori kajin maigadi daga cikin Mai Hanci. Ya gaya wa matarsa ta fara sabawa da zama kujerar gaba.

Baƙon ya iso, gajere, ba ruwansa da surutu. Yana zagaya motocin yana ƙwanƙwasa jikinsu da makulli, yana leƙa ƙarƙashi. Salansa ya ga alamar zurfin ilimi, ya dafa jikin Mai Hanci, ya buɗe murya.

"Ranka ya daɗe, wannan ƙarfen ba irin gwangwanin zamani ba ne. Kaurinsa ya kai yatsa. Lagiretonta jan ƙarfe ne zalla. Wayoyinta kuwa, ni na hana a taɓa ko ɗaya!"

Baƙo ya gyaɗa kai, ya tambayi nauyin kowacce. Salansa ya zuba masa daga ka, har da na Tagwaye, bai yi tuntuɓe ba. Makanike, da ya san baƙon shekara ashirin, ya matso zai raɗa masa magana. Salansa ya ɗaga masa hannu, wai manya na magana. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa.

Baƙon ya yaba ƙwarai. Ya ce a duk yawonsa bai taɓa samun kaya cikakku haka ba, sannan ya sha hannu da manaja. Washegari da hantsi manyan motoci suka shigo da sarƙoƙi da masu yankan ƙarfe, domin shehin malamin dillalin tsofaffin ƙarafa ne. Salansa ya tsaya rungume da fayil yana ihun a dakata, ƙarar injin yanka ta shanye muryarsa. Kafin la'asar an raba Mai Hanci da hancinta. Famfunan da mutanen ƙarshen gari ke jira suka tafi a cikin tarkacen.

Ranar Litinin manaja ya lura cewa fayil ɗin motocin da babu su ba ya bukatar mai tsaro. Aka miƙa wa Rumbun Tarihi takardar ritaya, aka ba shi kwali ya zuba kayansa. Cikin tsofaffin kayan da kamfanin ya rabu da su a makon nan, shi kaɗai ne dillalin bai taya ba.