Ba Katongo Ɗan Kallo

"...lafiya lau, maci birai. Yau ma kallo ka zo yi?"

"Kallo mana, 'yar masu gasa ɓeraye. Abin da manya suka ga ya dace da ni ke nan."

Haka Tika Jere ta tarbi Ba Katongo, wato Malam Katongo a yarenmu, ran Alhamis da safe, a ofishinmu na hayar rumfuna da kujerun biki a unguwar Kamwala. Ita 'yar ƙabilar Ngoni ce, shi ɗan ƙabilar Bemba, wato mbuya suke, abokan wasa tun kaka da kakanni: zagi ya halatta, fushi babu, kuma ran da ɗaya ya mutu mutanen ɗayan ne ke haƙa kabarinsa.

Shekara ashirin da biyu Ba Katongo ke riƙe da alli da allon bango, shi ke rubuta wace mota za ta kai rumfa ina. Ran Litinin aka sauke allon, aka kafa wani ƙaton gilashin kwamfuta mai katunan aiki a layi uku: ba a fara ba, ana yi, an gama. Kowa da matsayinsa a ciki, akwai mai makulli, akwai mai aiki, akwai ɗan kallo. Dattijon nan ya taɓa kati ya ƙi motsi, ya duba gefen sunansa ya ga ɗan kallo. Tun ranar ya sa a ransa sallamarsa za a yi. Ni da ke zaune kusa da shi ina gani yana kwashe kayan durowarsa kaɗan-kaɗan, wallahi har cikin raina na ji ba daɗi.

"Matso ka ga abin mamaki," in ji Tika. "Ko da yake idon Bemba rassan itace kawai ya iya dubawa."

"Kakanninki da mashi suka zo ƙasar nan, suka ƙare a bakin ramin ɓera. Me za ki nuna mini?"

Bai rufe baki ba wani kati ya tashi da kansa daga layin tsakiya ya sauka a na ƙarshe. Ba Katongo ya ja da baya har ya take mini ƙafa.

"Kai! Wa ya taɓa shi?"

"Sakala direba. Ya gama kafa rumfa a garin Kafue."

"Sakala na Kafue, hannunsa na nan Kamwala?"

"Da wayarsa ya ja."

"Tika, ki ji tsoron Allah. Da, sai na yi ta kiransa har rana ta raba, ya ce mini yana hanya alhali yana cin nshima, tuwon masara, da kifi."

"Yanzu ga hoton rumfar ma ya liƙa. Ga lokacin da ya gama."

Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. "Ikon Allah! Har da igiyar da ya ɗaure a karkace. To, ai shi ke nan. Abu ya iya aikina fiye da ni."

Sai a lokacin Tika ta lura da jakar da ke hannunsa, da kunnen kofin shayinsa yana leƙowa.

"Ina za ka kai kofin nan?"

"Gida. Ɗan kallo ai ba ya shan shayin ofis."

Ta dafe ƙirji. "Mbuya! Ni fa aka ba makulli in raba matsayi. Ni na sa ka ɗan kallo! Jira nake ka zo ka zage ni in gyara, sai na ji shiru."

"Ke? Ba manaja ba?"

"Manaja cewa ya yi a ba ka makulli tun ran Litinin."

"Kwana uku nshima ba ta wuce mini a maƙogwaro, ashe aikin ɓera ne!"

"Wa ya san biri na da zuciya?" Bakinta bai mutu ba, amma tuni ta latsa kwamfuta ta sauya masa matsayi. "Ga shi. Taɓa."

Ya ɗora yatsa a kan kati a hankali, kamar mai taɓa jariri. Katin ya biyo shi. Ya kai shi dama, ya dawo da shi hagu, yana dariya ƙasa-ƙasa.

"Yanzu in na rubuta aiki na sa sunan mutum, dole ya yi?"

"Dole. Wayarsa ma za ta yi ƙara."

Ya shiga rubutu da yatsa ɗaya, mu kuwa duk mun taru a bayansa. Wayar Tika ta yi ƙara. Ta karanta da ƙarfi: "Haƙa kabarin Katongo. Mai aiki: Tika Jere."

"Tun da kin kusa kashe ni, sai ki cika aikinki. Mai zurfi nake so, ba irin ramin abincinku ba."

"Ai katin bai cika ba. Yana tambayar ranar gamawa."

"Ke ce mai gaggawa, ki sa."

Ta daɗe tana kallon wurin, sannan ta rubuta shekara arba'in nan gaba. Ta zaro kofin daga jakarsa, ta cika shi da shayi, ta dire masa tana dariya da jan ido.

"Ka yi nasara, tsohon biri. Sha. In ka kuskura ka ja katin nan kafin ranarsa, da hannuna zan mayar da kai ɗan kallo."