Taku Dubu Goma a Wuyan Bunsuru

Wani ne, tsohon malamin makaranta, ya yi ritaya a zamanin nan da ake ta ce mana yana tafe. Zamanin da ƙofa ke gane fuskar mai gida ta buɗe da kanta, mota ke tafiya ba direba, tukunya ke kashe wutarta in abinci ya nuna. Shekara talatin da biyar ya yi yana koyarwa. Talatin da biyar, ba da huɗu ba. A riƙe wannan, za a neme shi a gaba.

Ya ajiye alli, amma bai ajiye jan biro ba. Takardar cefanen matarsa ma sai ya duba ya ba ta maki. In fitilar titi ta mutu, kafin azahar ya rubuta wasiƙar ƙorafi shafi uku, da lamba ɗaya, lamba biyu, lamba uku. Abu guda ne ba ya shiri da shi a duniya, shi ne tafiya da ƙafa. Yana da kujera mai hannu a bakin taga, har ta ɗauki siffar jikinsa.

Babbar 'yarsa ma'aikaciyar jinya ce, kuma ita ta gado zafin kansa. Wata rana ta zo da wani siririn madauri mai kama da na agogo, ta ɗaura masa a hannu. Ta yi masa bayani dalla-dalla. Abin nan yana ƙirga takunsa, yana sauraron bugun zuciyarsa, yana sanin inda ya je. Duk abin da ya gani sai ya aika wa wayarta, da ta mahaifiyarta, da asibiti, da ofishin rajistar jama'a. Likita ya ce taku dubu goma kullum. In ya gaza, za ta kwashe shi ta kai shi gidanta, bene hawa na huɗu, inda ba a sa sukari a shayi, kujerar kuma ba za ta bi shi ba.

Malam ya ce bai yi shekara talatin da biyar yana koyarwa don wata roba ta zo ta ba shi maki ba.

"Baba, kai ma 'ya'yan mutane ka yi ta bai wa," in ji ta. "Layi ne ya zo kanka."

Ranar farko ya yi taku ɗari huɗu da goma sha biyu, har da na zuwa banɗaki. Da yamma madaurin ya yi magana da wata murya mai ladabi, ya ce an yi ƙoƙari, amma za a iya fin haka. Malam ya harari madaurin. Kalmomin da yake rubuta wa daƙiƙan aji a katin sakamako ke nan, ba ragi ba ƙari.

Washegari yana tsaye a ƙofar gida yana huci, sai ga bunsurun maƙwabcinsa ya wuce. Wani jan bunsuru ne mai gemu, wanda tun da aka haife shi ba a taɓa ganinsa a tsaye wuri ɗaya ba. Malam ya dubi bunsuru, ya dubi hannunsa. Ya koma ciki ya ɗauko ɓawon ayaba.

Daga ranar aiki ya tsaru. Ƙarfe bakwai zai fito da takalmin roba, ya ce wa matarsa ya tafi tattaki. Wayarsa a gida yake barinta, wai tana raba masa hankali. A lungun bayan gida zai tarar da bunsuru, ya ba shi ɓawo, ya ɗaura masa madaurin a wuya, ƙarƙashin igiya, inda gashi ya rufe. Shi kuma ya zarce ɗakin karatu na unguwa, wanda ba mai shigarsa tun da na'ura ta fara karanta wa mutane komai. Can zai haɗa benci biyu, ya yi matashi da tsofaffin jaridu. Ƙarfe huɗu ya dawo lungu da wani ɓawon, ya karɓi kayansa, ya yayyafa ruwa a goshi, ya shiga gida yana nishi.

Ranar da bunsuru ya fara aiki, taku dubu ashirin da uku. 'Yar ta kira tana ta murna. Bayan wata guda asibiti ya aiko da saƙon yabo, wai zuciyarsa ta koma ta ɗan shekara ashirin.

Matarsa ce dai ba ta gamsu ba. Wata yamma ta zauna kusa da shi da waya a hannu, ta ce tana da 'yan tambayoyi. Abin nan ya nuna jiya ya hau katangar makarantar firamare sau shida. Malam ya ce motsa gwiwa ne, likita ma zai gaya mata. Ta ce ya nuna ya yi awa guda a kan bola. Ya ce bincike yake, wasiƙa zai rubuta wa masu kwasar shara.

"To ita mai kayan miyan nan ta bakin kasuwa fa?" in ji ta. "Kullum ƙarfe biyu kana bayan rumfarta. Kana isa zuciyarka ta hau dukan uku-uku, sai kuma ka fita da gudu."

Malam ya gyara tabarau. Ya ce matar nan a karkace take jera tumatir, shi kuma ba ya iya ganin abu a karkace ransa bai ɓaci ba.

"Allah ya sawwaƙe," in ji matar, ta ajiye wayar.

Haka aka yi wata uku. Sai wata Talata maƙwabcin ya sami labarin surukansa na hanya. Ya aika aka kamo bunsuru daga kan bola, aka jefa shi mota, sai mayankar bakin kasuwa.

Ƙarfe goma da minti bakwai wayoyi suka yi ƙara a gidaje tara na dangin Malam. Saƙon gajere ne. Zuciyar mai madaurin ta tsaya a kusa da kasuwa, bayan ɗan kokawa. Ofishin rajista ya yi aikinsa nan take, domin a zamanin nan ba a ɓata lokaci. Aka cire sunan Malam daga jerin masu rai. Ƙannensa suka bazama asibitoci neman gawa, mata suka cika falo, aka shimfiɗa tabarmi. Maƙwabcin da ya ji labari ya girgiza ƙwarai, ya ce surukai su yi haƙuri, ya aika da naman gaba ɗaya gidan rasuwa a dafa wa masu ta'aziyya.

Shi kuwa marigayin yana kan benci biyu yana minshari.

Ƙarfe huɗu ya iso lungu da ɓawon ayaba. Ba bunsuru. Ya duba bola, ya leƙa makarantar firamare, ya je har bayan rumfar mai kayan miya. Da ƙafafu suka gaji ya tsayar da motar haya. Motar ta dubi fuskarsa, ta ce Allah ya ba iyalansa haƙuri, ta ja ta tafi. Ta biyu ma haka. Malam ya ciro jan biro ya rubuta lambobinsu a tafin hannu, ya ce za su gani. Da ƙafa ya dawo gida. Ranar ce kaɗai a rayuwarsa ya yi taku dubu goma na gaskiya, kuma ba abin da ya ƙirga masa.

Ya tarar da takalma jibge a ƙofar gida. Ya tsaya gaban ƙofa ya miƙa mata fuska kamar kullum. Ƙofa ta ce mai wannan fuskar ya rasu, a gwada wata. Ya cire tabarau, ya mayar, ya murtuke, ya yi murmushi. Ƙofa ta ce tana taya shi jimami.

Sai ya zaga ta baya, inda tsohuwar ƙofar kicin take, ta katako, mai karyayyiyar sakata, wadda ba ta san kowa ba. Ya tura ya shiga. Ba kowa a kicin, sai wata ƙatuwar tukunya tana ƙamshi. Tun safe bai sa komai a cikinsa ba. Ya buɗe, ya ga nama har baki. Ya ce koma mene ne ake yi a gidan nan, a yi shi bayan ya ci. Ya tsamo cinya guda, ya bi ta da hanta, ya tsaya nan a tsaye ya share su, har da tsotse ƙashi.

Yana lasar yatsa ya jiyo murya daga falo. Tsohon shugaban makarantarsu ne, wanda suka yi shekara ashirin ba su jitu ba. Yana cewa marigayi mutum ne mai haƙuri, mai sauƙin kai, wanda bai taɓa ɗaga wa kowa murya ba. Malam ya ce a ransa, ko wane ne wannan, shi dai bai san shi ba. Sai ya ji an ambaci makarantarsu, an ambaci ajinsa, an ambaci jan biro.  Ya dafa bango, ya fara tunanin ko ya sulale ta inda ya shigo, ya je ya yi shawara da kansa.

"Shekara talatin da biyu," in ji shugaban, "bawan Allah nan ya yi yana koyarwa."

Labule ya yaye.

"Talatin da biyar," in ji Malam, da maiƙo a gemu.

Ba a taɓa ganin falo ya zama fili da sauri haka ba. Shugaban makaranta, mai ciwon baya, ta taga ya fita. Wata gwaggo da aka kawo a keken guragu, a ƙafa ta isa titi. Aka bar takalma sun fi ƙafa arba'in. Matarsa ce kaɗai ba ta motsa ba. Ta dubi hannunsa, ba madauri. Ta dubi gemunsa. Ta tambayi matar maƙwabci, wadda ta maƙale a bayan ƙofa, ƙarfe nawa aka yanka bunsurunsu. Aka ce mata wajen goma da 'yan mintoci.

"To," in ji ta. 

Washegari Malam ya sa babbar rigarsa ya nufi ofishin rajista, matar a dama, 'yar a hagu, domin motar haya sai da sunansu ta yarda ta ɗauke shi, a matsayin kaya. Ya riƙo wasiƙa shafi huɗu. Lamba ɗaya, a mayar da shi cikin masu rai kafin a tashi aiki. Lamba biyu, a ba shi haƙuri a rubuce. Lamba uku, a hukunta motoci biyu, ga lambobinsu. Lamba huɗu, ƙofar gidansa ta janye ta'aziyyarta.

Akawun wani mai sanyin hali ne, zaune a bayan gilashi da na'ura a gabansa. Ya saurara har ƙarshe. Ya ce abu ne mai sauƙi, Baba ya ɗora hannu a kan faifan nan a gwada shi da bayanan marigayin. Malam ya ɗora. Na'ura ta yi ɗan tunani, ta ce ba shi ba ne.

Malam ya buga tebur, ya ce a sake. Aka sake. Akawu ya juyo da allon ya nuna masa. Marigayin zuciyarsa kamar ta saurayi, wannan kuwa tana tafiya tana hutawa. Marigayin yana taku dubu ashirin a rana. Marigayin yana haye katanga sau shida kafin azahar.

"Baba, ga benci nan," in ji akawu. "In ka tsallake shi, sai in rubuta cewa akwai kama."

Malam ya dubi benci. Bai kai gwiwa ba. Ya tattare riga, ya ja da baya, ya taho. Ƙafar dama ta ɗaga kamar taƙi guda, ta fasa, ta koma inda ta fito. Mutanen da ke kan layi suka ba shi shawarar ya gwada da hagu.

'Yar ta harɗe hannu tana kallonsa. Akawu ya ce in ba a sami kama ba, doka ta ce a rubuta shi a matsayin mai sojan gona da sunan mamaci, kuma masu tsaro na nan a bakin ƙofa.

Nan Malam ya sauke murya, har sai da akawu ya matso da kunne jikin gilashi. Ya ce a gaskiya akwai wani ɗan kuskure, wanda ba nasa ba ne shi kaɗai. Madaurin ba a hannunsa yake kwana ba, wato yini. A wuyan wani yake yini.

"Wa ke nan, Baba?" in ji 'yar.

Ya ce wani maƙwabci ne. Ta ce wane maƙwabcin. Ya ce mai gemu. Ta ce maƙwabtansu masu gemu uku ne.

"Mai ƙafa huɗun," in ji Malam.

Layi ya ɗauki dariya har mai gadi ya leƙo. 'Yar ba ta yi dariya ba. Ta ciro waya ta kira mijinta, ta ce a share ɗakin baƙi, kuma a ɓoye gwangwanin sukari.

Akawu ya goge hawaye ya koma kan na'ura. Ya ce yanzu magana ta fito, kuma akwai hanyar gyara. Ofis ba ya soke mutuwa haka kawai, tunda dai an yi ta. Sai dai a ɗauke ta daga kan wanda bai mutu ba a mayar kan wanda ya mutu. Abin da ake bukata kawai shi ne a gabatar da ainihin marigayin, na'ura ta auna shi, a rufe fayil.

Malam ya gyara tsayuwa, ƙarfinsa ya fara dawowa. Ya ce wannan ai ba wuya, ya juya ya umarci matarsa ta gaya wa maƙwabci ya kawo gawar bunsurunsa nan da awa guda, ba awa guda da minti ɗaya ba.

"Yawwa, Mama," in ji akawu. "Ina marigayin yake yanzu?"

Matar ta gyara mayafi, ta nuna cikin Malam da haɓa.

"Ɗana, fara auna wannan. Cinya da hanta suna nan a gabanka. Sauran kuma sai ka bi masu ta'aziyya gida-gida."