Ranar da Hular Pak Gunarto Ta Tsiro a Layin Dogo

An yi manyan mutane a tsibirin nan namu na Jawa, amma duk share fage suka yi wa Pak Gunarto. Shi ne shugaban masu gyaran layin dogo a Randusewu, tashar da jirgi ke tsayawa in direba ya tuna. Leburorin da ke ƙarƙashinsa ba za su cika benci ɗaya ba, amma in ya ce "rundunata", sai ka leƙa bayansa ko tankokin yaƙi na tafe. Mu 'yan acaɓa na bakin tasha Sarkin Tsakuwa muke ce masa. In yana kusa kuwa sai mu ce Pak Injiniya, wato Malam Injiniya, ya ɗaga mana yatsa ɗaya, mu wuni cikin albarka.

Ba a maganar Pak Gunarto a bar hularsa. Hular hukuma ce, shuɗiya, da tambarin ƙarfe a goshi, da wata ƙunar tabar kanumfari a gefen hagu wadda kowane yaro a garin zai iya zana maka ita a ƙasa. Da ita yake cin abinci, da ita yake zuwa ɗaurin aure. Matarsa ta rantse yana cire ta in zai yi wanka, sai dai ba ta kawo shaida ba.

Aikinsa kuwa mai nauyi ne. Layinmu ya ratsa ta tsakiyar fadamar shinkafa, duk damina sai ƙasa ta lotsa, katakan da ƙarfen dogo ke kwance a kansu su rasa madogara, jirgi ya riƙa tafiya kamar agwagwa. Mata masu kai ƙwai kasuwa kan sauka da wainar da ba a soya ba. Sai leburori su fito da diga suna cusa tsakuwa ƙarƙashin katako ɗaya bayan ɗaya, shi kuma Pak Gunarto ya ɗauki ɓangaren da ya fi wuya: tsayuwa a ƙarƙashin lema yana nuni da leɓe. Da yamma shi yake fin kowa gajiya.

Abu ɗaya yake so a duniya, kujera a babban ofis na birnin Semarang, mai na'urar sanyi da ɗan aike. Tun gashinsa na baƙi yake cewa mu yi haƙuri, ya kusa barinmu. Mun yi ta haƙurin har gashin ya zube.

Sai ga labari. Ranar Litinin za a kawo injin daɓen layi, ƙaton abu ruwan ɗorawa mai tsawon tarago, wanda ke yin aikin leburori na wata guda kafin kofi ya huce. Tare da shi kuma Bu Larasati, wato Uwargida Larasati, za ta zo, shugabar shiyya baki ɗaya. Kujera ɗaya ta faɗi a Semarang, kuma a wannan zagayen za ta duba wanda ya dace da ita.

Daga ranar Pak Gunarto ya zama uban inji. Bai taɓa ganinsa yana aiki ba, hotonsa kawai ya gani a jikin kalanda, amma wannan ƙaramin abu bai hana shi buɗe makaranta a rumfar kofi ta Yu Parni ba.

"Ku da iliminku bai yi nisa ba," in ji shi, "bari in sauko muku. Kun ga yadda mata ke daɓe ɗaki? To haka yake yi, daga sama yake dannawa, tim, tim. Fasaha kenan. Ni da wannan inji harshe ɗaya muke ji."

"Ya san da zamanku kuwa, Pak?" Yu Parni ta tambaya tana juya soyayyar ayaba.

"Yu, ke dai kula da kaskonki."

Ya sa aka shafa wa katakon da za a fara aikin a kansa fentin zinariya. Ya sa aka kafa rumfar manyan baƙi dab da shi. Ya sayi sabuwar hula, irin tsohuwar sak, ya ajiye ta cikin leda kamar amarya a lalle.

Ana cikin haka Mbah Tukijo ya zo. Shi ne dattijon da ke kula da kushewar wanda ya sari garin, ba a kafa ko turken akuya sai an ji ta bakinsa. Ya sami Pak Gunarto a rumfar kofi, gaban mutane, ya yi magana a hankali.

"Ɗana, na ji baƙon ƙarfe zai taɓa ƙasarmu. Ka san yadda ake yi. Inda aiki zai fara cizon ƙasa, nan ake binne kan dabba a gaida masu wurin. Ko na akuya ne ya isa."

Pak Gunarto ya miƙe tsaye, don magana irin wannan ba a yin ta a zaune.

"Mbah, ina ganin girmanku, amma zamanin nan ya wuce kan akuya. Wannan inji daga ƙetaren teku ya zo. Aljanin da bai yi makaranta ba ba zai tare shi ba. Muddin ina sanye da wannan hula, camfi ba zai hau layin hukuma ba."

Mbah Tukijo ya shanye kofinsa. "To, madalla," ya ce, ya ɗauki sandarsa.

In ka ga ƙi-gudu, sa-gudu ne bai zo ba. Washegari Pak Gunarto na zaune a ofis yana bitar jawabinsa, tsaka ta saki silin ta faɗo masa tsakiyar ka. A garinmu ko jariri ya san abin da wannan ke nufi: mugun abu na tafe. Da yamma babur ɗinsa ya ƙi tashi. Kashegari kazarsa ta mutu ba ciwon komai. Namijin duniya bai tsorata ba, ya dai zauna ya yi lissafi irin na masana: in inji ya lalace a gaban Bu Larasati, Semarang ta tafi. Shi bai yarda da aljanu ba ko kaɗan, amma wa ya tabbatar masa su ma sun san da haka?

Sai ya zaga ta bayan kasuwa wurin Lik Sarju mahauci. Kan akuya na talaka ne. Injin Pak Gunarto ba ya cin abin da bai kai kan ɓauna ba. Ya zaɓi kai mafi girma, mai ƙaho ɗaya a karkace.

"Surukata ce ke sha'awar farfesu," ya ce.

"Allah ya ƙara mata haƙora," in ji Lik Sarju, wanda ya san tsohuwar ko dafaffiyar shinkafa sai an dama mata.

Ranar Juma'a, da maza suka tafi masallaci, Pak Gunarto ya ce yana jiran waya daga manya. Gari ya yi tsit, ya turo baro da buhu a ciki har gindin katakon zinariya. Ya ɗauki diga, karo na farko a tarihin aikinsa. Diga ba ta san shi ba, shi ma bai san ta ba. Ya tona kamar kamu biyu, tumbi ya ce iyakar tafiyar kenan. Ya ce ai ya isa, tunda daga sama inji ke dannawa, shi zai ƙarasa tura kan ƙasa.

Har ya fara mayar da tsakuwa sai wani tunani ya tsayar da shi. Masu wurin nan, yaya za su san wanda ya yi musu wannan alheri? Kada su je su gode wa Mbah Tukijo. Pak Gunarto bai taɓa barin yabonsa ya faɗa aljihun wani ba, ko a sama ko a ƙasa. Ya cire tsohuwar hular, tunda ga sabuwa a gida, ya kafa ta tsakanin ƙahonin, ya ɗaure da igiya ta ƙarƙashin haɓa, ya rufe.

Ya manta mata ba duka ke zuwa Juma'a ba. Yu Parni ta ga komai ta tsakanin buhunan gawayi. Kafin la'asar duk Randusewu ta ji, kuma duk Randusewu ta yi shiru. Mu mutane ne masu ladabi, ba ma katse wa babba hanzari.

Asabar rana ta yi aikinta. Lahadi ta ƙara. Ranar Litinin da safe ƙudajen gundumar gaba ɗaya sun riga manyan baƙi kama wuri. Pak Gunarto, cikin sabuwar hula, ya sa aka zazzage turare a rumfar, wari ya samu abokin tafiya.

Inji ya iso yana nishi, ƙasa na rawa. Bu Larasati ta sauko daga mota, 'yar siririya mai tabarau da murmushin da ba ka sanin inda ya dosa. Ta zauna, ta ɗan taɓa hancinta da hankici.

"Daddawar kifi ce mutanen ƙauye ke shanyawa, Bu," Pak Gunarto ya raɗa mata. "Ina ta fama da su."

Aka yanka kan tulin shinkafar biki aka miƙa mata, kamar yadda muke yi wa babban baƙo. Ta karɓa, ta ajiye a gefe. Sannan Sarkin Tsakuwa ya kama lasifika.

"Bu shugaba, manyan baƙi, da sauran jama'a. Yau duhu ya ƙare a Randusewu. Da na zo garin nan na tarar da mutane na tsoron inuwarsu. Har a makon nan an zo mini da maganar binne kan dabba a layin hukuma. Na ce a'a. Na ce kai ɗaya ne zai riƙe wannan layi." Ya ɗora yatsa a kan sabuwar hula. "Ga shi nan. A tayar da inji."

Aka tayar. Nan muka ga abin da kalanda ba ta nuna ba. Injin ba daga sama yake dannawa ba. Ya kama ƙarfen dogo ya ɗan ɗaga shi, sai wasu yatsun ƙarfe masu tsawon hannun mutum suka sauko, suka nutse cikin tsakuwa hagu da dama na katakon zinariya, suna karkarwa, suka matse abin da ke ƙasa. Aka ji ƙaras. Injin ya yi wani tari. Yatsun suka taso, ba su taso su kaɗai ba.

Ƙaho ne ya fara fitowa, karkataccen. Sai shuɗin yadi. Sai ga kan ɓauna ɗungurungum a maƙale tsakanin yatsun ƙarfe, tsakuwa na zuba daga hancinsa, hular hukuma zaune daram a kansa, da tambarinta, da ƙunar tabarta a gefen hagu. Direba ya kashe inji. Kan ya ɗan juya a hankali ya tsaya yana fuskantar mai jawabi. Hula ta kalli hula.

Ba wanda ya yi dariya, sai kafaɗu da ke ta rawa. Can daga baya muryar Lik Sarju ta taso.

"Pak, ashe surukar taku nan ta koma da zama?"

Pak Gunarto ya buɗe baki, lasifika na kunne, duk gari ya ji fitar iska. Daga bisani ya ce makirci ne na maƙiya ci gaba, kuma za a kafa kwamiti.

"Maƙiyan sun iya ɗaurin igiya," in ji Bu Larasati, tana duban haɓar ɓaunar. "Hular taku ce, Pak?"

"Ta yi kama da ita, Bu."

Mbah Tukijo ya matso da sandarsa, ya durƙusa kaɗan gaban shugabar. Fuskarsa ba alamar wasa.

"Bu, kada a ga laifinsa. Yaron nan ya yi abin da ko kakanninmu ba su yi ba. Mu akuya muka roƙa, ya ba da ɓauna, ya haɗa da hularsa. A garin nan, wanda ya binne da hannunsa ya zama mai riƙon wurin. Duk shekara shi zai ciyar, shi zai gaishe su. Sun riga sun san warin kansa. In aka ɗauke shi, ni dai ba zan hau jirgin da zai bi ta fadamar nan ba."

Jama'a suka amsa da gaskiya ne, gaskiya ne. Mu 'yan acaɓa muka fi kowa ɗaga murya, saboda ƙauna.

Bu Larasati ta gyara tabarau, murmushin nan ya faɗaɗa.

"Da na zo da wata shawara a raina game da Semarang," ta ce. "Amma hukuma na girmama al'adar mutane. Ba za mu raba Pak Gunarto da waɗanda suka san darajarsa ba, na sama da na ƙasa."

Aka tafa. Shi ma ya tafa, don bai ga abin da zai yi da hannuwansa ba.

Sai da aka sa guduma kafin a raba ƙahon da yatsun inji. Leburori suka haƙa rami na gaske a gefen layi, Mbah Tukijo ya yi 'yan maganganunsa, aka mayar da kan. Pak Gunarto ya miƙa hannu zai zare hular, dattijon ya dafe shi da sanda: kyautar da aka ba masu wuri ba a karɓe ta. Inji ya ci gaba da daɓensa har ya ɓace a kwanar gonar rake. Kujerar Semarang kuwa wani saurayi daga tashar gaba ya samu, wanda ko hula ba ya sawa.

Damina ta zo ta wuce, layi bai lotsa ba, ƙwai na isa kasuwa da ɓawonsa. Yanzu kawuna biyu ke sanye da hular hukuma a Randusewu, ɗaya a ƙarƙashin ƙasa, ɗaya a ƙarƙashin lema. Pak Gunarto ya ce tun farko ya faɗa, kai ɗaya ne zai riƙe layin. Ba mu taɓa musa masa ba. Duk wanda ya zo wucewa ta wurin ramin ma sai ya rage gudu ya gaida Pak Injiniya.