Yadda Na Raɗa wa Bello Goma Sha Huɗu Suna

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da wayata ta tona mini asiri gaban manoman albasa na ƙungiyarmu, ni kuwa ina zaune ina cin goro.

Shekara goma sha ɗaya ni ne mai gayyar ƙungiyar. Aikina in kira kowa in faɗa masa ranar da ruwan rani zai iso layinsa, da ranar taro. In na shiga kasuwar Goronyo ana ce mini Sarkin Gayya, kuma ina jin daɗin sunan fiye da yadda ya kamaci mai furfura. Boko aji biyu na yi (na biyun ma rabinsa a gindin mangwaro). Ina iya haɗa baƙi in karanta suna, in ba a tsaya mini a kai ba.

Sunayen mutanenmu suna cikin kwamfutar sakatare, Malam Isiyaku, tsohon akawu: suna, gari, lamba, kowanne da gidansa. Da na samu waya mai shafawa, na kai masa na ce ya juye mini su duka. Ya juye. Suna da lamba sunka shiga, gari ya ƙi biyowa. Sai ga Muhammadu Bello goma sha huɗu a jere, ba abin da ya raba wani da wani.

"Mu liƙa ma kowa sunan garinai," in ji Malam Isiyaku.

"Rimawa kaɗai Bello huɗu na," na ce. "Rubuta yadda nika hwaɗa maka."

Da ma a kaina kowa yana da sunan da na san shi da shi, wanda ban taɓa furtawa ba. Na fara zubowa. Bello Barcin Huɗuba. Bello Aron Fartanya. Da Bello sunka ƙare na ji abin ya yi daɗi, na faɗa kan sauran: Shehu Sai Ta Yarda, Umaru Gobe Gobe. Har shugabanmu Alhaji Bello ban bari ba, shi da yake surukina, uban mijin ɗiyata, mutumin da ko sunansa ba na kamawa a gabansa. Malam Isiyaku yana bugawa yana share hawaye. Ya ce dai in kula, kada abin ya fita daga wayata.

Wata biyu aiki yana tafiya sumul, ban taɓa kiran Bellon da ba shi ba. Na riƙa yabon kaina a bainar jama'a.

Yabon ne ya kai ni. Ranar wani taro, Malam Isiyaku ya tafi ta'aziyya Achida, sai Alhaji ya ce tunda kowa yana cikin wayata, a tura wa 'yan kwamiti, ko da wata rana ba ni da lafiya. Malam Nuhu, malamin makaranta da ke noma tare da mu, ya karɓi wayar.

"Baba, duka za a tura?"

"Tura duka."

Ni a lissafina lamba ce ke tafiya, suna kuwa yana zaune inda aka ajiye shi. (Har yau ina ganin haka ya kamata a ƙera abin.)

Wayoyi bakwai sunka yi ƙara. Al'adarmu ba a tashi taro sai shugaba ya kira suna, kowa ya amsa. Alhaji ya gyara tabarau, ya ce yau daga waya zai kira.

"Bello Aron Fartanya."

Kowa ya dubi na kusa da shi. Can wani ya ce, "Wallahi tawa tana wurinai!" Wuri ya kece da dariya.

"Bello Barcin Huɗuba."

"Na'am," in ji shi, kamin ya gane abin da ya amsa.

Alhaji ya ci gaba da kira yana dariya har rawaninsa ya karkace. Ya dube ni ya ce, "Kai Malam, Allah shi shirye ka." Ya shafa wayar zuwa suna na gaba, ya buɗe baki, sai ya rufe.

Shehu Sai Ta Yarda, wanda an riga an kira shi ya sha tasa, ya leƙo. "Alhaji, mi ya hwaru? Wa ya rage?"

Alhaji ya ƙura wa wayar ido. Sauran 'yan kwamiti shida kowa ya duƙa kan wayarsa, kuma ba wanda ya ɗago. Abin da ke rubuce shi ne Bello Ɓarawon Ruwa. Kowa ya san Alhaji yana buɗe ruwa ba ranarsa ba, amma shekara da shekaru ba bakin da ya faɗa.

Na tofar da goron da ke bakina. Na ce, "Ranka shi daɗe, injin na ya rikice."

"Injin ya san gonata ke nan," ya ce, ya sa wayar aljihu. "A yi addu'a."

Kamin sati an ba Malam Nuhu gayya, wai ana son mai ilimi. Na je har gida na ba Alhaji haƙuri, ya ce ba komai, da irin muryar da ke nufin akwai. Yanzu ranar ruwana ma wani ke kira ya faɗa mini.

Abin da na koya a tsufana: magana in ba ka iya faɗinta gaban mutum, bar ta a kanka. Kai dai ba a tura shi duka.